Hutu a Gaɓar Tekun Sifaniya: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, ina so in kai iyalina hutu Malaga a ƙasar Sifaniya, amma ban san ta inda zan fara ba. Daga wani magidanci a Gawuna, Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Fara da biza, kada ka biya kuɗin jirgi ko otal da ba a mayarwa kafin ta fito. Bizar Shengen ake nema, ana iya shigar da takardu tun watanni 6 kafin tafiya. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 11. Za a buƙaci bayanan asusun banki, inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar aiki ko kasuwancin da zai dawo da kai gida. Ka guji dillalan da ke cewa biza na hannunsu; takardar bogi ɗaya tana iya ɓata maka suna shekaru.

Babu jirgi kai tsaye daga filin Malam Aminu Kano, sai an yada zango.

Lokaci kuwa, ni dai Mayu ko ƙarshen Satumba na fi so. Yuli da Agusta cunkoso ne da tsada.

Malaga tana da babban masallaci, abincin halal ma ba ya wuya. Ku ga ganuwar Alkazaba da Musulmi suka gina a ƙarni na 11, ku ware yini guda don fadar Alhamra a Giranada, amma ka sayi tikitinta tun kana Kano, don yana ƙarewa da wuri. Shigar mutane a bakin teku ba irin tamu ba ce, ka sanar da Hajiya tun yanzu, ku riƙa fita da sassafe.

Allah ya kai ku lafiya.