Kafin ka ɗora eriya a Mokolo, dubi dutse

Wani Alhaji mai shagon kwamfuta a gefen kasuwar Mokolo ya kira ni, ransa a ɓace. Wani ɗan dagaji ne ya yi masa romon baka, wai da eriya ɗaya a kan rufinsa zai sayar wa unguwanni uku intanet. Alhaji ya sayar da shanunsa, ya kuma karɓi kuɗin wata daga hannun maƙwabta.

Da na hau rufin, takaici ya kama ni. Eriya mai 5 GHz aka saita tana kallon tsauni, abokiyarta kuwa tana can bayansa. Wayar cikin ɗaki aka ja a fili, rana ta gasa ta. Babu sandar tagulla a ƙasa, babu abin tare aradu. Ruwan Agusta ya zo da tsawa, wuta ta bi wayar, ta ƙone rauta da kwamfutocin shagon. Ɗan dagajin kuwa ya kashe wayarsa.

Alhaji ya ce, "Malam, a ceto mini ko rabi ne."

Na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Babu abin ceto."

Mokolo ba Garwa ba ce. A cikin duwatsun Mandara muke, kuma 5 GHz ba ta huda dutse. In eriya ba ta ga eriya ba, babu magana. Mai son kai intanet ko'ina a gari sai ya samo babban layi daga fibar Camtel, ya kafa turaku a kan tudu, sannan ya rarraba da ƙananan eriyoyi unguwa-unguwa. 4G na MTN da Orange ya ishi gida ko ƙaramin shago, amma sim ɗaya ba ya ɗaukar unguwa. Masu raɗa muku Starlink kuma, ku tuna a Afrilun 2024 kwastan na Kamaru suka ba da umarnin ƙwace kayansa. Sayar wa jama'a intanet ma yana buƙatar izinin hukumar sadarwa ta ART.

Ku sa batir da sola, kun san halin wutarmu.

Duk wanda ya yanka muku farashi bai hau rufi ya auna ba, ku sallame shi. Ku binne sandar ƙasa. Na sake faɗa, ku binne sandar ƙasa kafin damina. Kada ku karɓi kuɗin kowa sai sabis ya kwana ya wuni yana aiki. Araha ba ta ado.