Me Waya Za Ta Yi wa Tsuntsu?

Tambaya: Na ji ana kashe maƙudan kuɗi wajen zagaye daji da waya a tsibiran Hawai don kare tsuntsaye. Ai tsuntsu sama yake tashi, wace waya ce za ta tsare shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya. Saboda alade ake kafa wayar, kuma bayan aladen akwai sauro.

Dubi gandun Hakalau, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe a 1985 a gangaren dutsen Mauna Kea. Aladun da mutane suka shigo da su tsibirin sun bazu cikin daji. Sukan kayar da wata irin bishiya mai laushin ciki, su ƙwaƙule tsakiyarta su cinye, su bar kututturen kamar kwami. Ruwan sama ya taru a ciki, sauro ya samu wurin zuba ƙwai.

A da babu sauro a Hawai sam, sai wajen 1826 da ya iso ta jirgin ruwa. Daga baya ya riƙa yaɗa zazzaɓin cizon sauro irin na tsuntsaye, wanda ba ya kama mutum. Tsuntsayen tsibirin ba su taɓa gamuwa da cutar ba, don haka jikinsu bai da garkuwa. Jan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da ake kira i'iwi, cizo ɗaya kan iya kashe shi. A 2023 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta bayyana cewa nau'o'in tsuntsayen Hawai 8 sun ƙare kaf.

Yawancin waɗanda suka rage sun fake ne a kan tudu, sama da mita 1,500, inda sanyi ke hana sauro sakewa. To ga shi zafi yana ƙaruwa, sauro kuma sai hawa yake yi. A ganina nan wayar ta gaza: tana tare alade, tana ba dashen itatuwan koa damar girma, amma sauro ko a jikinsa.

Shi ya sa tun 2023 ake sakin mazan sauro masu ɗauke da wani nau'in ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia a tsibirin Maui. Namijin sauro dai ba ya cizo, kuma idan ya sadu da macen daji ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa. Sai dai dole a yi ta sakin su ba fashi, domin da an tsaya sauron zai dawo.