Kanar ne ko Kolonel?

 Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a yankin Jibiya. Ranar bikin yaye ɗalibai aka ɗora mini gabatar da baƙi da Turanci. Babban baƙonmu tsohon soja ne, an rubuta Lt. Colonel a gaban sunansa. Na karɓi lasifika na karanta yadda idona ya gani, na ce "kolonel". Sai na ji 'yan ajina suna ƙunshe dariya, baƙon kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ƙanin maigidana, wanda ya yi karatu a Maraɗi, ya rantse mini daidai na faɗa. Har yau ina jin nauyin shiga ajin nan. Wa ke da gaskiya?

Wata malama, Jibiya

 Ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba, sai dai fatawar Faransanci ya ba ki. A Nijar "kolonel" ake cewa, yadda aka rubuta. A Turancin Ingila kuwa "kanal" ake faɗa, sak yadda ake furta kalmar kernel, wato ƙwayar da ke cikin kwakwar manja. Daga nan muka samo Kanar ɗinmu. Da bakin Hausarki kika bi ranar nan, da kin fi kusa da daidai.

Laifin na kalmar ne tun asali. Italiyanci ce, colonnello, jagoran jerin sojoji masu tafiya sahu-sahu. Faransawa suka ara, harshensu ya mai da ita coronel, kuma a wannan siffa ta shiga Ingila a ƙarni na 16. Daga baya masu ilimi suka gyara rubutun don ya dace da na Italiya. Alƙalami ya yarda, baki ya ƙi. Faransawa sun koma kan "l" a rubuce da a faɗe, Ingilishi kuwa ya zauna da rubutu daban, furuci daban.

Akwai tarko na biyu a takardar da kika riƙe. Lt. ɗin nan lieutenant ne, Ingila na cewa "leftenant", Amurka "lutenant". Sojojin Najeriya Ingila suka gada, shi ya sa muke cewa Laftanar. Laftanar Kanar yana sama da Manjo, yana ƙasa da cikakken Kanar, kuma galibi bataliya yake riƙewa. Kada ki raina shi: da wannan muƙami Yakubu Gowon ya hau mulki a 1966, haka Seyni Kountché na Nijar a 1974. Wajen gabatarwa ki faɗi muƙamin cikakke, amma idan hira kuke, "Kanar" kawai ya isa, ba zai ji haushi ba.

Af, ba kowane Kanar ne ya ja runduna ba. Tsohon nan mai farin gemu a kwalin kajin KFC, Kanar Sanders, gwamnan jihar Kentucky ne ya ba shi laƙabin don girmamawa a 1935.

Game da ajin, shawarata ki shiga gobe da safe, ki rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe, ki tambayi waɗanda suka fi dariya ina "l" ta farko ta tafi. Ki ba su minti biyar.