Amsar Wasiƙar Sifawa: Na'urar Rage Ciwon Jiki

Wasiƙa ce ta zo mana daga wata baiwar Allah a Sifawa, ƙaramar hukumar Bodinga. Ta ce shekara da shekaru jikinta na ciwo ko'ina, kafaɗu, baya, cinyoyi, ta kwana ta tashi a gajiye kamar wadda ta wuni daka. An auna jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba, har dangin miji sun fara cewa son jiki ne. A waya ɗanta ya ga wata na'urar rage ciwo da ake ɗaurawa a ƙafa, shi ne take tambaya ko gaskiya ce.

To Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika kwatanta ya yi kama da lalurar da likitoci ke kira faibromayaljiya, wadda ta fi kama mata. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke zuzuta zafi fiye da kima, shi ya sa gwaji ke fitowa garau alhali mai ita na shan azaba. Dangin miji, ku ji da kyau.

Na'urar kuwa akwai ta, sunanta Quell. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwo. Ana ɗaura ta a sha-raɓa, ƙasa da gwiwa, tana sakin ɗan lantarki mai tsikari a fata, wanda ke motsa jijiya har ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfin saƙon zafin. Tana sassautawa ne, ba ta warkarwa, kuma wani ta karɓe shi, wani ko gezau.

Kafin ɗanki ya tura kuɗi waje, ki fara ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya tabbatar ba sanyin ƙashi ko wata cuta ba ce. Ki tambayi sashen gashin ƙashi su gwada miki 'yar'uwar na'urar mai suna TENS, ki ji yadda jikinki zai amsa. Mai juna biyu, mai farfaɗiya da wanda aka sa wa batirin zuciya, kada su taɓa sai da izinin likita.

Tafiya kaɗan kullum da safe da gyara barci suna cikin maganin. Tiramol ɗin kemis kuma, Hajiya, don Allah ki rabu da shi. Ki sake rubuto mana mu ji yadda kuka yi da likita.