GONAR IRMIYA: DARASI A KAN BEGE

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Kano, ka san Bompai da Sharada da Chalawa. A can ne aka kakkafa masaƙu da majemu, da injinan matse man gyaɗa, da ma'aikatun roba da na alewa. A dā jiniya tana busawa da sassafe, mutane dubbai su yi sammako, waɗansu daga cikin birni, waɗansu daga Sabon Gari, Musulmi da Kirista, kowa da kekensa. Daga baya abubuwa suka sāke. A shekara ta 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka karya darajar naira, kayan gyaran inji da a ke sayowa daga ƙetare suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi zama, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Ma'aikatu da yawa suka sallami leburorinsu, aka sa wa ƙofofi kwaɗo. Bayan wannan kuma, ran 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka auka wa Kano, har da babban ofishin 'yan sanda na Bompai, aka kashe fiye da mutum 150.

Watakila kana cikin waɗanda aka sallama, ko ubanka yana ciki. Watakila kana aiki har yanzu, amma albashi ba ya kai tsakiyar wata. To, ina begenka?

1. Bambancin buri da bege

Mutane su kan ce, bayan wuya sai daɗi. Amma ka san waɗanda suka jira a sāke buɗe masaƙarsu har furfura ta rufe su, ba a buɗe ba. Wanda ya jingina zuciyarsa ga ƙofar ma'aikata, ranar da aka rufe ta zuciyarsa za ta rufu tare da ita. Wannan buri ne. Bege kuwa dogara ce ga alkawarin Allah, wanda ba ya yin ƙarya, ko al'amura sun gyaru a zamaninka ko ba su gyaru ba.

2. Misalin Irmiya

Ka buɗe Littafin Irmiya, sura 32. A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta kewaye Urushalima. Annabi Irmiya kuwa yana tsare a farfajiyar masu gadi. A wannan lokaci ne Hanamel, ɗan baffansa, ya zo yana so ya sayar masa da gona a Anatot, garinsu. Wa zai sayi gona sa'anda abokan gāba sun mamaye ƙasa? Amma Ubangiji ya umurce shi, ya saya. Ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a takarda a gaban shaidu, ya ba Baruk magatakardansa, ya ce a ajiye ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Gama Allah ya alkawarta cewa za a sāke cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Ka lura da wannan: sayen gonar bai hana masifa ba. Birnin ya fāɗi, aka ƙone Haikali, aka kwashe jama'a zuwa bauta, shi Irmiya kuma aka tafi da shi Masar ba da son ransa ba. Duk da haka maganar Allah ta cika. Bayan Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba Yahudawa izini su koma ƙasarsu, aka sāke noma a wurin.

3. Tushen begenmu

Mu ma muna da takardar alkawari, an kuwa ajiye ta inda wuta da ɓarawo ba su kaiwa. Ran Jumma'a aka gicciye Ubangijinmu Yesu Almasihu, almajiransa suka kulle ƙofa don tsoro, suna tsammani kome ya ƙare. A rana ta uku ya tashi daga matattu. Tashinsa shi ne hatimin Allah, cewa zunubi da mutuwa ba su ne za su yi maganar ƙarshe ba. Ba a yi maka alkawarin dukiya ba. An yi maka alkawarin gafara, da kasancewarsa tare da kai cikin wahala, da rai madawwami. Wanda ya ce maka bangaskiya hanyar arziki ce, ka yi hankali da shi.

4. Halin mai bege

Bege ba ya ɓoyuwa, ana ganinsa ga halin mutum.

Na fari, mai bege yana kai kukansa ga Allah. Irmiya da kansa, da ya gama cinikin, ya yi addu'a yana faɗin damuwarsa, gama abin ya ɗaure masa kai. Kuka a gaban Allah ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, ba ya bin karkatacciyar hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ya kan sami wurin shiga. Sa'anda aljihu ya bushe, caca da giya da boka su kan yi kira, zuciya kuma ta ce, ɗauki ɗan ƙarfen nan na ma'aikata ka sayar, ai sun cuce ka. Kada ka yarda. In an danne hakkinka, ka nema ta hanyar gaskiya.

Na uku, yana sayen tasa gonar. Ka bar ɗanka da 'yarka a makaranta. Ka koyi sana'a ko da ka manyanta, kada ka rena ƙaramin aiki. Ka biya bashinka ko kaɗan kaɗan ne.

Na huɗu, yana ƙaunar maƙwabcinsa. Musulmin da aka sallame ku rana ɗaya, yunwarsa irin taka ce, waɗanda aka kashe a 2012 kuma akwai nasa a ciki. Ka raba tuwonka da shi, kada ka riƙe ramuwa a zuciya.

Tambayoyi

Bisa me ka ɗora zuciyarka, bisa abin da a ke iya rufewa da kwaɗo, ko bisa Almasihu? Wace gona ce Allah ya ke so ka saya a wannan mako? Wa za ka ziyarta cikin waɗanda suka fid da zuciya?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, ka san ƙuncinmu, ka san abin da ke cikin tukunyarmu. Ka tsare mu daga fid da zuciya da mugun aiki. Ka ba mu abincin yau, ka ba Kano salama, ka kafa begenmu bisa Ɗanka wanda ya tashi. Amin.