Yadda Ake Amfani Da Waya A Gano Kuɗin Da Mota Ke Ci A Kowace Kilomita

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin ƴan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka sosai. Duk da haka, idan aka tambayi yawancin matasan da ke jan mota nawa motarsu ke ci, amsar ba ta wuce "ba ta da shan mai" ko "wannan ai rijiya ce". Da wannan amsar ba a iya yanke shawarar a tafi da mota ko a hau ta haya. Wayar da ke aljihu ta isa ta fitar da lissafin.

Allurar mai da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, domin tankin mota ba shi da siffa ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa rabin farko kan daɗe, na biyu kuma ya zube kamar an huda shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce ta cika tanki. Mutum zai shiga gidan mai a cika masa har kan famfon ya katse da kansa, kada a ƙara ɗigo bayan nan. Sai ya danna ɗan maɓallin da ke mayar da ma'aunin gajeriyar tafiya zuwa sifili, wanda ake rubuta masa Trip A a yawancin motoci. Ya ci gaba da zirga-zirgarsa yadda ya saba. Ranar da zai sake shan mai, ya koma gidan man nan ɗin, a sake cikawa har famfo ya katse, ya ɗauki hoton adadin litar da ta shiga da kuma kilomitar da ya yi. Man ƴan bumburutu ba ya shiga wannan gwaji, saboda galan ba ma'auni ba ne.

Akwai tarkon da ke kama mutane a nan. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka sai an ninka kafin a yi lissafi, in ba haka ba motar za ta fito kamar mai tsananin shan mai alhali lafiyarta ƙalau.

A ɗauka, a matsayin misali, motar ta yi kilomita 352 kuma lita 32 ta shiga. Idan aka raba 352 gida 32, lita ɗaya tana kai ta kilomita 11. In ana sayar da lita naira 900, kowace kilomita tana cin kusan naira 82. Yanzu sai a buɗe Google Maps a duba nisan inda za a je. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, wato lita 21, kimanin naira 19,000 zuwa kaɗai, dawowa kuma wani 19,000 ɗin.

Amma mai ba shi kaɗai ke cinye kuɗin ba. Juyen baƙin mai da tacarsa, idan ya ci naira 35,000 duk bayan kilomita 5,000, naira 7 ke nan a kilomita. Tayoyi huɗu na naira 240,000 da za su yi kilomita 40,000, naira 6 ne. Ga inshorar dole ta ƙaramar mota da ta koma naira 15,000 a shekara tun farkon 2023, ga sabunta takardu, ga birki da batir da fulogi. A wannan misalin kilomita ta doshi naira 100. Duk wannan ana iya zuba shi a Google Sheets: layi ɗaya na kwanan wata, ɗaya na lita, ɗaya na kilomita, ɗaya na kuɗi, sai a bar manhajar ta riƙa rabawa. Wanda ba ya son wahalar tsara jadawali zai iya sauke Fuelio ko Drivvo a Play Store, aikinsu ke nan.

Amfanin samun wannan lamba shi ne mutum ya ga yadda ƙafarsa ke sauya ta. Gudu shi ne babba. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato wanda ya tashi daga 100 zuwa 120 ya ƙara wa motar kashi 44 cikin ɗari na turjiyar da za ta keta. Abin da ya samu a tafiyar kilomita 230 bai wuce minti 23 ba, shi ma sai in babu rami, babu shingen jami'an tsaro, babu tirela a gaba. Kuma iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sanya wa ƙananan motoci a babban titi mai hannu biyu 100 ne, cikin gari kuma 50.

A cikin gari matsalar ta totur da birki ce. Direban da ke figar mota daga wannan danja ya je ya taka birki a ta gaba ya ƙona mai ne ya mayar da shi zafi a tayoyi. Gwani yana hango cunkoso daga nesa, ya ɗaga ƙafa da wuri, ya bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninsa da na gaba, motar ta gangara da kanta.

Sai maganar firi, wadda tsofaffin direbobi suka gadar wa yara. A motar kafireta tana da ɗan dalili. A motar zamani mai nozul, idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, kwamfutar injin kan yanke mai gaba ɗaya; wanda ya cire giya kuwa, injin sai ya sha mai don kada ya mutu. Ga shi kuma ya rasa riƙon da injin ke yi wa mota a gangara, komai ya koma kan birki. Haka ɗumama mota minti goma da safe, asara ce a yanayinmu. Daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya sun isa, a tashi a hankali.

Iskar taya ma ana kuskure a kanta. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Wadda ta dace da motar tana kan ƴar takardar da ke manne a gefen ƙofar direba. A gwada da safe kafin taya ta ɗau zafi, kuma gara mutum ya mallaki ƙaramin ma'auninsa, domin na wasu masu faci ya gaji.

Idan an gyara tuƙi amma lambar ta ci gaba da faɗuwa, daga 11 zuwa 8 misali, to motar ce ke da magana. Nan ne ƴar na'urar ELM327 ke da rana. Ana cusa ta a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD2, wadda duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tun 1996 ke da ita. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai manhaja irin Torque ko Car Scanner ta karanto abin da ya sa fitilar injin ta kama. P0300 na nufin injin na tsallake wuta, galibi fulogi ko koyil. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0420 kuma yana nuni ga matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Kada a yi saurin goge lambar don fitila ta mutu. A ɗauki hotonta a kai wa bakanike, sannan bayan gyara a sake gwajin cika tanki a ga ko an dawo 11. A riƙa cire na'urar idan za a ajiye motar kwanaki, domin kafar tana da wuta ko an kashe mota, kuma masu arha na iya zuƙe batir. Saita waya da duba manhaja duk a yi su mota na tsaye, tunda riƙe waya ana tuƙi laifi ne da ake cin tara a kai.