Shawara ga Mazauna Kwarin Rima Kan Mallakar Bindiga

Tun bayan harin da ’yan ta’addan Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba 2024, manoma da masunta daga Zauro zuwa Argungu suka ƙara tunanin mallakar makami, saboda haka ya wajaba a san tanadin doka. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu; na kare kai da farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na ’Yan Sanda; sai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda kwamishinan ’yan sandan jiha ke kula da su. Tantancewa, wato binciken halin mai nema kafin a ba shi lasisi, tana hana makami ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka gabata.

Don haka, ya kamata mai bukata ya nemi lasisi ta hannun rundunar ’yan sanda a Birnin Kebbi, ya adana bindigarsa inda yara ba za su kai ba, kuma kada ya ara wa kowa. Haka nan wajibi ne maƙera su guji ƙera ko gyara bindiga ba da izini ba, masu unguwanni da dagatai kuma su gaggauta sanar da jami’an tsaro duk baƙon da ke neman harsashi, domin makamin da ya shiga hannun ɗan ta’adda kan al’umma yake juyawa.